Me Ya Sa Jam'iyyun Amurka Biyu Ba Sa Ga Maciji Kan Gyaran Inshorar Lafiya?

Wani mai karatu ya yi tambaya kamar haka: "Ina yawan jin 'yan Democrat da 'yan Republican suna ta rigima kan dokar kiwon lafiya ta Obama, har yau ba a daina ba. Shin saɓanin aƙida ne na gaskiya, ko kuwa siyasa ce kawai ake yi da lafiyar mutane?"

Malam, duka biyun suna ciki, amma ba nauyinsu ɗaya ba. Akwai saɓani na gaske kan kuɗi da kan iyakar ikon gwamnati, zan zo kansa. Sai dai zafin rigimar da tsawonta sun fi ƙarfin wannan saɓanin. Abin da ya fi hura wutar shi ne lissafin zaɓe: wace jam'iyya ce jama'a za su riƙa gode wa idan tsarin ya yi kyau, wacce kuma za a zaga idan ya lalace. Hujjata mai sauƙi ce. Mutum ɗaya ya sha goyon bayan tsari a bana, ya dawo yana yaƙarsa baɗi, ba tare da an canza komai a tsarin ba sai sunan wanda ya kawo shi.

A Amurka babu tsari guda da ya ɗauki kowa da kowa. Kusan rabin jama'a suna samun inshorar lafiya ne ta wurin aikinsu. Wannan ya samo asali tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da gwamnati ta hana kamfanoni ƙara albashi, su kuma suka koma jawo ma'aikata da inshora. Daga baya dokar haraji ta 1954 ta tabbatar da cewa ba a cire haraji daga wannan alawus. Masu shekara 65 zuwa sama suna da Medicare, matalauta suna da Medicaid, duka biyun inshorar gwamnati ce tun 1965. Wanda ya faɗo tsakani, kamar mai sana'ar kansa ko mai ƙaramin aikin da ba a ba da inshora, shi ne ke shan wuya. A 2010 kusan kashi 16 cikin ɗari na jama'ar ƙasar ba su da inshora ko kaɗan. Kafin lokacin kuma kamfanin inshora yana da damar ƙin karɓar mutum saboda yana da ciwon suga ko ya taɓa yin sankara, ko ya tsawwala masa kuɗi har sai ya haƙura.

Dokar da Obama ya sa wa hannu ranar 23 ga Maris, 2010 tana zaune ne kan abu uku, kamar tukunya a kan duwatsun murhu. An hana kamfanoni ƙin mai ciwo. To idan aka tsaya nan, mutane za su jira sai sun kwanta ciwo kafin su sayi inshora, farashi ya yi tashin gwauron zabo, don haka aka tilasta wa kowa ya saya ko ya biya tara. Tunda kuma ba a tilasta wa mutum sayen abin da ba shi da kuɗinsa, sai gwamnati ta sa tallafi ga masu ƙaramin ƙarfi, ta kuma faɗaɗa Medicaid. Na tsakiyan nan, wato tilasta wa kowa saye, shi ne aka fi yin rigima a kansa, kuma a nan ne abin mamakin yake.

Ba daga gidan Democrat tilascin ya fito ba. Cibiyar Heritage Foundation, wadda masu ra'ayin mazan jiya ke ji da ita, ta gabatar da shi a 1989 ta hannun Stuart Butler, a matsayin hanyar da za a rufe kowa ba tare da gwamnati ta ƙwace harkar daga hannun 'yan kasuwa ba. A 1993 Sanata John Chafee na Republican ya sa shi cikin ƙudirinsa, manyan jam'iyyar irin su Bob Dole da Orrin Hatch da Chuck Grassley suka rattaba hannu. A 2006 Mitt Romney, yana gwamnan Massachusetts a ƙarƙashin Republican, ya mayar da shi doka a jiharsa, Sanata Ted Kennedy na Democrat yana tsaye a wurin bikin sa hannun. Shi kuwa Obama, a zaɓen fitar da gwani na 2008, sukar Hillary Clinton ya riƙa yi saboda tana so a tilasta wa mutane sayen inshora. Da ya hau mulki sai ya rungumi abin da ya soka, waɗanda suka haife shi kuma suka ce ya saɓa wa tsarin mulki. Romney da kansa ya yi takarar shugaban ƙasa a 2012 da alƙawarin soke dokar da aka kwafo daga tasa. Ya kafa hujja da cewa abin da ya dace da jiha ɗaya ba lallai ya dace a ɗora wa ƙasa baki ɗaya ba, kuma hujja ce da ake iya tsayawa a kanta. Amma Chafee da Dole ai dokar tarayya suka nema.

Idan kana son ganin lissafin a fili, koma watan Disamba na 1993. Bill Clinton ya kawo nasa shirin, matarsa Hillary ce ta jagoranci tsara shi, kuma da farko 'yan Republican da dama suna shirin a zauna a daidaita. Sai William Kristol, wanda ya taɓa zama shugaban ma'aikatan mataimakin shugaban ƙasa Dan Quayle, ya rubuta wa shugabannin jam'iyyar takarda. Bai ce musu su gyara shirin ba, cewa ya yi su kashe shi ɗungurungum. Dalilin da ya bayar shi ne, idan shirin ya wuce, zai farfaɗo da sunan Democrat a matsayin jam'iyyar da ke kare masu matsakaicin ƙarfi, ya kuma karya iƙirarin Republican cewa taƙaita gwamnati ne ke kare su. Ka lura, tsoron ba wai shirin zai gaza ba ne. Tsoron shi ne kada jama'a su so shi. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta zuba kuɗi a tallan talabijin da ke nuna wani miji da mata zaune a teburin cin abinci suna nuna fargaba kan shirin, ƙudirin ya mutu a 1994 ba a ko kaɗa masa ƙuri'a a zauren majalisa ba, kuma a watan Nuwamba na shekarar Republican suka karɓe Majalisar Wakilai karon farko cikin shekara 40. Duk ɗan siyasar da ya ga wannan ya ɗauki darasi: ƙin haɗa kai yana biya.

Dalilin da ya sa lafiya ta fi sauran batutuwa wannan haɗarin shi ne, tallafin lafiya idan ya shiga hannun jama'a ba ya fita. Medicare ce shaida. A 1961 Ronald Reagan, kafin ya shiga siyasa gadan-gadan, ya naɗi faifai ga ƙungiyar likitocin Amurka yana gargaɗin cewa irin wannan tsarin ƙofar gurguzu ce. Irin wannan zargin ne ƙungiyar ta yi amfani da shi ta durƙusar da shirin Shugaba Harry Truman bayan 1945. Amma da Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu kan Medicare a Yuli 1965, a garin Independence na jihar Missouri, ya miƙa wa tsoho Truman katin farko, magana ta ƙare. Yau babu ɗan takarar da zai tsaya gaban tsofaffin Florida ya ce zai soke ta, ya kuma kai labari. Saboda haka mai adawa ya san cewa damarsa ɗaya ce, wato kafin a fara rabawa.

To amma me ya sa a 1965 'yan Republican masu yawa suka kaɗa wa Medicare ƙuri'a, a 2010 kuwa ko mutum ɗaya ba a samu ba? Wani ɓangare na amsar shi ne jam'iyyun sun tace kansu. A da akwai 'yan Republican masu sassaucin ra'ayi daga arewa maso gabas, akwai 'yan Democrat masu tsattsauran ra'ayin mazan jiya daga kudu, ana iya haɗa rinjaye daga ɓangarorin biyu. Yanzu kusan babu su. Ɗaya ɓangaren kuma ya fi wannan muhimmanci a ganina. Daga 1955 zuwa 1995 Democrat ne ke riƙe da Majalisar Wakilai ba yankewa. Ɗan Republican na wancan zamanin bai sa ran zama mai rinjaye ba, don haka abin da ya fi masa riba shi ne ya shiga a dama da shi, ya samo wa mazaɓarsa wani abu. Tun 1994 kuwa kowane zaɓe yana iya juya majalisa. Idan kujeru kaɗan suka raba ka da mulki, taimaka wa shugaban ɗaya jam'iyyar ya yi nasara tamkar yi wa kanka zagon ƙasa ne. Mitch McConnell, jagoran Republican a Majalisar Dattawa a lokacin, bai ɓoye wannan ba. Ya bayyana a 2010 cewa wajibi ne 'yan jam'iyyarsa su tsaya wuri guda, domin da zarar masu ƙudirin sun iya cewa jam'iyyu biyu ne suka yi shi, jama'a za su ɗauka lafiya lau ne. Yawancin mutane ba sa karanta doka mai shafi sama da dubu biyu. Abin da suke dubawa shi ne ko manya sun yarda da juna ko suna faɗa. Sanata Jim DeMint ma ya faɗa tun Yuli 2009 cewa idan suka tare Obama a wannan batu, to sun karya shi.

Labarin Chuck Grassley a 2009 yana nuna yadda matsin yake aiki a kan mutum ɗaya. Yana cikin sanatoci shida, uku daga kowace jam'iyya, da Sanata Max Baucus na Democrat ya tara a kwamitin kuɗi domin a fitar da ƙudiri na haɗin gwiwa. A watan Yuni yana cewa akwai fahimtar juna tsakanin jam'iyyun kan tilasta sayen inshora. Sai hutun Agusta ya zo, 'yan majalisa suka koma mazaɓunsu, suka tarar da zaurukan taro cike da 'yan ƙungiyar Tea Party, masu tsattsauran ra'ayin mazan jiya, suna ihu. Sarah Palin, wadda ta yi wa Republican takarar mataimakin shugaban ƙasa a 2008, ta riga ta baza zancen cewa dokar za ta kafa kwamitocin da za su yanke wa ya cancanci a yi masa magani, wa za a bari ya mutu, alhali abin da ke cikin ƙudirin shi ne a biya likita idan majiyyaci ya nemi su tattauna yadda yake so a kula da shi a ƙarshen rayuwarsa. Grassley ya tsaya gaban mutanensa a Iowa ya ce suna da haƙƙin jin tsoro, kada gwamnati ta zama mai yanke hukuncin cire wa kaka na'urar numfashi. Yana da zaɓe a 2010, kuma abin da yake tsoro ba ɗan Democrat ba ne, ɗan jam'iyyarsa ne da zai ƙalubalance shi a zaɓen fitar da gwani. Daga nan tattaunawar ta watse. Olympia Snowe ta Maine ce kaɗai cikin 'yan Republican ta kaɗa wa ƙudirin ƙuri'a a kwamiti, ita ma da aka zo zauren majalisa ta juya.

Kada ka ɗauka ɗaya ɓangaren waliyyai ne. 'Yan Democrat ma suna da nasu lissafin: sun daɗe suna ganin inshorar kowa da kowa a matsayin aikin da Roosevelt da Johnson suka bari ba a ƙarasa ba, kuma sun san ladan siyasar da ke cikinsa, wanda shi ne dai abin da Kristol ya hango. Don su haɗa ƙuri'a 60 da ake buƙata kafin a rufe muhawara a Majalisar Dattawa, sun yi ciniki iri-iri. An yi wa Sanata Ben Nelson alƙawarin kuɗin Medicaid na musamman ga jiharsa Nebraska, abin da ya jawo surutu har aka cire shi daga baya. An jefar da shirin inshorar gwamnati da zai yi gasa da kamfanoni saboda Sanata Joe Lieberman ya ƙi. An daidaita da kamfanonin magunguna tun da wuri don kada su maimaita abin da aka yi wa Clinton. Ƙudirin ya wuce Majalisar Dattawa ranar jajiberin Kirsimeti na 2009 da ƙuri'a 60 da 39. Da Scott Brown na Republican ya ci kujerar marigayi Kennedy a Janairu 2010, sittin ɗin ta karye, sai suka bi ta hanyar dokar kasafin kuɗi wadda rinjaye kaɗan ya ishe ta domin su yi gyare-gyaren ƙarshe. A Majalisar Wakilai 219 da 212 aka tashi, 'yan Democrat 34 suna cikin masu cewa a'a. Obama kuma ya yi ta nanata cewa duk wanda ke son inshorar da yake da ita zai ci gaba da riƙe ta, sai ga shi a ƙarshen 2013 miliyoyin mutane sun sami takardar soke tasu saboda ba ta cika sabbin sharuɗɗa ba. Wannan alƙawarin ya ci amanar mutane, kuma ya ba 'yan adawa makami na halal.

Akwai ma lokacin da aka yi musayar riguna. A 2003 George W. Bush ne ya ƙara wa Medicare biyan kuɗin magunguna, faɗaɗa mafi girma tun kafa ta, ba tare da an tanadi inda kuɗin zai fito ba. Shugabannin Republican sun buɗe ƙuri'ar da misalin ƙarfe uku na dare, suka bar ta a buɗe kusan awa uku suna lallashi da matsa wa 'yan jam'iyyarsu har aka samu 220 da 215. Yawancin 'yan Democrat suka ƙi, suna cewa kyauta ce ga kamfanonin magunguna tunda dokar ta hana gwamnati yin ciniki kan farashi. Ƙorafin yana da tushe, amma kowa ya san ba sa so Bush ya shiga zaɓen 2004 da tsofaffi a aljihunsa. Haka a 2012, 'yan Republican suka riƙa zargin Obama da yanke dala biliyan 716 daga Medicare, alhali kasafin da Paul Ryan, mataimakin Romney a takarar, ya rubuta ya riƙe wannan ragin.

Saɓanin gaskiyar da na ambata a farko yana nan, kuma ba ƙarami ba ne. Dokar 2010 tana ɗebo kuɗi daga sama ta kai ƙasa. Ta ɗora harajin kashi 3.8 kan ribar jarin masu samun sama da dala 200,000 a shekara, ko 250,000 ga ma'aurata, da ƙarin kashi 0.9 kan albashinsu, aka yi amfani da kuɗin wajen tallafa wa masu ƙaramin ƙarfi. Tana kuma sa matashi mai lafiya ya biya fiye da abin da zai ci domin a sauƙaƙa wa dattijo da mai ciwo. Wanda ya yi imani cewa lafiya haƙƙi ce da al'umma ke bin juna zai ga adalci a nan. Wanda ya yi imani cewa gwamnatin tarayya ba ta da hurumin tilasta wa ɗan ƙasa sayen hajar kamfani zai ga zalunci, kuma alƙalai huɗu na Kotun Ƙoli sun so a rushe dokar gaba ɗaya a 2012. Da Alƙalin Alƙalai John Roberts bai ɗauki tarar a matsayin haraji ba, da an gama da ita. Akwai kuma batun launin fata da ba a cika son faɗa ba: binciken masanin kimiyyar siyasa Michael Tesler ya nuna cewa a zamanin Obama ra'ayin Turawan Amurka kan gyaran lafiya ya fi bin ra'ayinsu kan baƙar fata fiye da yadda yake a zamanin Clinton.

Wurin da za ka iya raba aƙida da siyasa da idonka shi ne faɗaɗa Medicaid. Hukuncin 2012 ya bar wa kowace jiha zaɓi. Tayin kuwa mai tsoka ne: gwamnatin tarayya za ta biya duka kuɗin na shekara uku na farko, daga baya ta sauko a hankali zuwa kashi 90. Duk da haka jihohi da dama da Republican ke mulki suka ƙi karɓa, har yanzu goma ba su karɓa ba, ciki har da Texas da Florida da Georgia. Wasu gwamnonin jam'iyyar irin su John Kasich na Ohio da Jan Brewer ta Arizona sun karɓa, suka sha suka daga gida. Amma inda aka ba jama'a dama su yanke da kansu ta ƙuri'ar raba gardama, mafi yawanci sai suka amince: Maine a 2017, Idaho da Utah da Nebraska a 2018, Missouri da Oklahoma a 2020, South Dakota a 2022. Banda Maine, duk jihohi ne da Trump ya lashe da rata mai yawa. Mutanen da ke zaɓen 'yan majalisar da suka ƙi, su ne suka ce a kawo. A Kentucky, jihar McConnell, gwamna Steve Beshear ya buɗe kasuwar sayen inshora da dokar ta tanada, ya sa mata suna Kynect, mutane suka yi ta rajista suna yabawa, da yawansu kuma suna ci gaba da tsine wa Obamacare, laƙabin da ake yi wa dokar Obama, alhali a ƙarƙashinta aka kafa Kynect ɗin.

Shekarar 2017 ce ta tona asirin kowa. Majalisar Wakilai ta riga ta kaɗa ƙuri'a sama da sau hamsin don soke dokar ko rage mata ƙarfi, a lokacin da kowa ya san Obama ba zai sa hannu ba. A 2013 ma an rufe gwamnati, wato ayyukanta da dama sun tsaya saboda rashin amincewa da kasafin kuɗi, kwana 16 a kan haka. Ƙuri'ar da ba za ta zama doka ba ba ta da tsada. Da Trump ya hau, majalisun biyu suna hannunsu, sai ya bayyana cewa shekara bakwai ana cewa a soke a maye gurbi, ba a taɓa yarda kan abin da za a maye da shi ba. Ofishin kasafin kuɗi na majalisa ya ƙiyasta cewa ƙudirin da Majalisar Wakilai ta zartar a watan Mayu zai ƙara mutum miliyan 23 cikin marasa inshora nan da 2026. Sanatocin jihohin da suka faɗaɗa Medicaid suka fara ja da baya. Da tsakar daren 28 ga Yuli, Sanata John McCain na Republican, wanda ba a daɗe da gano masa sankarar ƙwaƙwalwa ba, tabon tiyata yana nan saman idonsa na hagu, ya tako gaban zauren, ya miƙa hannu, ya ɗan tsaya, sannan ya juya babban yatsansa ƙasa. McConnell yana tsaye kusa da shi hannuwa a harɗe. Da ƙuri'ar Susan Collins da Lisa Murkowski, su ma 'yan Republican, aka kayar da ƙudirin sokewar da 51 da 49. Abin da jam'iyyar ta iya yi shi ne mayar da tarar sifili cikin dokar haraji ta Disamba 2017, kasuwar inshorar kuma ba ta rushe ba kamar yadda masana da yawa suka yi hasashe, domin tallafin ya riƙe mutane.

Daga nan riba ta sauya gida. Dokar da ta jawo wa Democrat asarar kujeru 63 a Majalisar Wakilai a 2010 ita ce suka hau suka karɓe majalisar a 2018, suna ta nanata batun masu ciwon da aka hana kamfanoni kora. 'Yan takarar Republican da suka kaɗa ƙuri'ar sokewa suka koma yin talla suna rantsuwa cewa za su kare masu ciwo. A zamanin Biden aka ƙara tallafin a 2021, aka tsawaita shi a 2022 zuwa ƙarshen 2025, ba tare da ƙuri'ar Republican ko ɗaya ba. Wa'adin ƙarewar nan shi ne ya zama tushen rufe gwamnati na kwana 43 a kakar 2025, mafi tsawo a tarihin ƙasar zuwa lokacin, wannan karon 'yan Democrat ne suka riƙe ƙuri'unsu. Jihohin da suka fi yawan masu sayen inshora a kasuwar Obamacare kuwa su ne Florida da Texas. Shi ya sa aka ji Marjorie Taylor Greene, 'yar majalisar Republican daga Georgia a lokacin, wadda ta yi suna wajen adawa da duk abin da ya fito daga Democrat, ta fito tana caccakar shugabannin jam'iyyarta a watan Oktoba na shekarar, tana cewa idan tallafin ya ƙare kuɗin inshorar 'ya'yanta zai ninka.